Tsanin da ake janyewa: darussa daga aiki da masu otizim

Duk wanda ya daɗe yana raka masu larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, larurar da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da jama'a da yadda yake jin abubuwa irin su hayaniya, zuwa wuraren aiki ya san cewa watan farko ba shi ne abin tsoro ba. A lokacin kowa na lura. An ba sabon ma'aikaci teburi a kusurwa, ana rubuta masa aikinsa, an yarda ya sa abin toshe kunne. Matsala tana zuwa ne bayan wata shida ko takwas, lokacin da aikinsa ya yi kyau har wani shugaba ya ce, "Ai wannan ya saba, a daina yi masa gata." Babban kuskuren da mu masu wannan aiki muke yi shi ne yin shiru a ranar, wani lokaci ma har da jin daɗi, muna ganin mun ci nasara.

Ga yadda abin ke tafiya. Da farko a mayar da shi tsakiyar ofis, kusa da ƙofa ko na'urar buga takardu. Daga nan a daina rubuta masa umarni, a koma jefa masa magana a tsaye: "Ka duba wancan fayil ɗin idan ka samu lokaci." Sai a soke zaman minti goma sha biyar da ake yi da shi kowane mako, don an ce kowa yana da aiki. Shi kuma ba zai yi ƙorafi ba. Yawancin manyan da ke da otizim sun shafe shekaru suna koyon sanya fuskar aro: su tilasta wa kansu kallon ido, su haddace amsoshin gaisuwa, su danne motsin hannu ko jijjiga jiki da ke kwantar musu da hankali. Wannan aiki ne na biyu da suke yi a kan wanda ake biyansu, kuma yana cinye ƙarfi. Idan ka tambaye shi ya aiki, zai ce lafiya lau, domin amsar da ya haddace ke nan. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan fuska ba ta ba da labari. Mai otizim na iya kasancewa a bakin durƙushewa fuskarsa tana nan yadda take jiya.

Alamomin suna cikin aikin kansa. Kuskure ya fara bayyana a abin da ya ƙware a kai. Maganarsa ta ragu, imel ɗinsa ya koma kalma biyu. Ya daina fita hutun rana, ya fara makara, ranakun rashin lafiya su ƙaru, musamman washegarin taro mai tsawo. Idan ba a tare abin a nan ba, ɗayan biyu ne zai faru: ko dai ya fashe da kuka ko ihu a gaban jama'a, ko kuma ya ɗauke wuta gaba ɗaya, a yi ta magana ba ya iya amsawa. Duka biyun alama ce ta ƙwaƙwalwar da aka yi wa lodi fiye da kima. Amma a takardar horo sai a rubuta rashin ladabi ko taurin kai, kuma wanda ya janye tallafin shi ne zai sa hannu. Har yau ban ga abin da ya kai wannan rashin adalci a harkar ba. Babu wanda ke cire wa mutum tabarau don ya ga yana karatu da kyau.

Maganin ba shi da tsada. Duk sauƙin da aka yi wa ma'aikaci a rubuta shi a shafi guda, a sa kwanan wata, shi da shugabansa su sa hannu, a ajiye a fayil ɗinsa. Alkawarin baki yana tafiya ne da shugaban da ya yi shi ranar da aka canja masa wurin aiki. A ƙasashe irin su Birtaniya, inda dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki yin gyaran da ya dace, da Amurka mai dokar naƙasassu ta 1990, wannan takarda hujja ce. Inda babu irin wannan doka ma, takarda tana sa mutum ya yi tunani kafin ya soke abu. Idan za a rage wani tallafi, a rage ɗaya kawai, da yardar mai shi, a jira aƙalla wata guda a ga sakamako kafin a taɓa na biyu.

Zaman mako kuma kada a taɓa shi. Rana ɗaya, lokaci ɗaya, wuri ɗaya. A bar tambayar "akwai matsala?" a koma ga masu ƙayyadadden amsa: daga ɗaya zuwa biyar, yaya hayaniya take a wannan makon? Wane aiki ne ba ka san inda zai ƙare ba? Ƙarfe nawa gajiya ke kama ka? Wasu sun fi iya amsawa a rubuce, to a tura tambayoyin tun jiya.

Umarnin aiki yana buƙatar abu huɗu: me za a yi, zuwa wane lokaci, yaya kamanninsa idan ya kammala, wa za a tambaya idan an maƙale. "Da wuri" ba lokaci ba ne. "Kafin ƙarfe biyu na ranar Laraba" shi ne lokaci. Idan ayyuka uku suka zo tare, shugaba ne zai jera su, domin wanda ba a faɗa wa ba zai iya ɗaukar duka ukun da nauyi ɗaya ya kwana a ofis. Na uku cikin abu huɗun, wato kamannin kammalawa, shi aka fi mantawa, kuma shi ke sa a ga mutum ya shafe kwana biyu yana ƙawata rahoton da ake son zayyanarsa kawai.

A 2012 wani mai bincike a Birtaniya, Damian Milton, wanda shi ma yana da otizim, ya yi bayanin cewa rashin fahimtar ta ɓangare biyu ce: kamar yadda mai otizim ke wahalar karanta mu, haka mu ma muke kasa karanta shi. Wanda ya gane haka zai daina tura ma'aikacin kaɗai zuwa horon zamantakewa, ya fara da horar da abokan aikinsa.

Ƙofar shiga aiki ma tana da nata laifin. Wani rahoto da gwamnatin Birtaniya ta fitar a 2024 ya nuna kusan uku cikin goma ne kacal na masu otizim da suka kai shekarun aiki suke da aikin yi. Ganawar neman aiki tana auna iya zance ne, shi ya sa kamfanoni irin su SAP tun 2013 da Microsoft tun 2015 suka buɗe hanyoyi na musamman da ke ba mutum damar nuna abin da ya iya. Temple Grandin, farfesa a Jami'ar Jihar Colorado wadda ta yi fice wajen tsara hanyoyin da ake bi da shanu, ta sha faɗin cewa zane-zanenta take nunawa su sama mata aiki. Ƙaramin ofis ma zai iya hakan: a aika tambayoyi kwana biyu kafin ganawa, a ba da gwajin aiki na awa ɗaya.

Ranar da abu ya ɓaci, a rage magana, kada a taɓa ma'aikacin, a kai shi ɗaki mai shiru, a bar bincike sai gobe. Canjin teburi ko jadawali a sanar tun da kwana biyu. Kada a saka wa gwani da muƙamin shugabancin mutane sai an tambaye shi ko yana so. Kuma batun larurarsa nasa ne, shi zai zaɓi wanda za a faɗa wa.