Godiya bayan fitar 'yan aji biyar zuwa fadama

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, mun kai yaranmu fadamar Haɗejia mun dawo da su lafiya. Takalmi ɗaya kawai laka ta cinye mana, mai shi ma har yanzu dariya yake yi.

Godiyata ta farko ga hedimastanmu, da ya amince aka ɗauke darasi daga allo aka kai shi gona. Sai iyaye, da suka sa hannu kuma suka haɗo yara da ruwa da guzuri. Direban da ya jira mu har la'asar bai ƙara ko sisi ba, Allah ya yi wa sana'a albarka.

Amma wanda ya ɗaure ni da igiyar alheri shi ne Baba mai gonar. Ni na je da niyyar koyarwa, sai na koma ɗaliba. Yaran nan suna iya rera sunayen amfanin gona da Turanci, amma da ya tambaye su mene ne binne, sai kallon-kallo. Ya zaunar da su ya bi musu aikin shekara: sassabe, sai binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, sannan firi, wato noman farko, sai maimai, har zuwa ɗaure dami a kai rumbu. Ya damƙo ƙasar jigawa da ta fadama ya sa kowa ya murza. A nan wata yarinya ta gane inda sunan jiharmu ya fito, ta yi tsalle kamar an ba ta kyauta.

Ya kai su ƙarƙashin gawo ya ce su lura: wannan itace da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Shi ya sa gero ke yin kyau a gindinsa, ga taki ga rana, dabbobi kuma su samu abin ci lokacin da ciyawa ta ƙare. Wallahi littafinmu bai bayyana shi haka ba.

Masunta ma sun yi mana karamci. Su suka nuna wa yara kachala, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa, kuma a cikinta tsuntsayen jan baki ke kwana kafin su afka wa shinkafa. Sun ce tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 ambaliya ta daina zuwa yadda kakanninsu suka saba. Tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a nan kuwa, yara sun ƙi yarda sai da muka dawo na nuna musu taswira.

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya ba da damina mai albarka. Kalmomin da yara suka rubuto mun manna su a bangon aji, duk mahaifin da ya zo ya duba ya gyara mana inda muka yi kuskure.