Godiya ga duk wanda ya sa hannu a fim ɗinmu na mai raino

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, daren jiya aka haska fim ɗinmu karo na farko, kuma jama'a sun yi dariya a duk inda muka yi fata, har da wani wuri da ni na ɗauka na ban tausayi ne. Tun safe nake amsa waya, na ga gara in rubuta godiyar a fili kowa ya gani.

Ga wanda bai samu zuwa ba, labarin wata budurwa ce mai shekara 25 da ta girma ba ta san ta girma ba, aka ɗauke ta rainon yarinya 'yar shekara 7 mai manyance. Yarinyar ke tashin mai rainon daga barci, ita ke rubuta lattinta a ɗan littafi.

Godiyata ta farko ga jarumar da ta fito a mai raino. A gaban kamara ita ce sarauniyar shiririta, amma da an ce kot, wato a tsayar da ɗauka, babu wanda ya kai ta hankali a cikinmu. Akwai ranar da muka maimaita sin ɗaya, wato fitowa ɗaya, sau 14, yarinya ta gaji tana cin tuntuɓe da magana, ni kuma na daka mata tsawa. Jarumar ta ja ni gefe ta ce, "Darakta, a takarda ne take da wayon 'yar arba'in. A nan shekararta bakwai." Kunya ta kama ni. Daga ranar muka koma ɗaukar yarinya da safe kawai, kafin ta gaji. 'Yata, ki yafe wa Kawu Darakta.

Sai maganar haƙori, wadda ta kusa kashe aikin. Fim ba a jere ake ɗaukarsa ba, duk abin da zai faru a falo ana gama shi lokaci guda, ko na farkon labari ne ko na ƙarshe. Mun riga mun ɗauki ƙarshen fim, farkonsa kuma da saura, sai ga yarinya ta iso rana ta 9 da giɓi a gaba, haƙorin a naɗe cikin takarda, tana nuna wa kowa tana murna. Famfara dai ba ta neman izini, kuma yara 'yan shekara 6 zuwa 7 lokacinsu ke nan, laifina ne da ban yi lissafinsa ba. Mai kula da kwantiniti, wato mai tabbatar da kamannin kowa ba su canza ba daga sin zuwa sin, ta dafe kai ta zauna a ƙasa. An kawo shawarar haƙorin roba, mahaifiyar ta ce ba a sa wa 'yarta komai a baki saboda fim, kuma gaskiyarta.

Marubucinmu ne ya fitar da mu. Bai runtsa ba a daren, ya wayi gari da sabon sin: haƙorin ya faɗi a cikin labarin, yarinyar da ta san komai ta ga jini ta fashe da kuka, mai rainon da wautarta ce kaɗai ta iya lallashinta. Malam, yabon gwani ya zama dole, wannan sin ɗin ne mutane suka fi yi mini magana a kai jiya. Abin da ya rage na farkon labari mai ɗaukar hoto ya ɗauke shi ta bayan kafaɗar yarinyar, ko daga nesa, ƙarshen kuma muka sake shi gaba ɗaya ba wanda ya nemi ƙarin ko sisi. Mai sauti ya sha fama, don iska na fita ta giɓin duk lokacin da ta ce "sannu".

Edita mai yanka da haɗa hotuna, Allah ya saka. Kai ka nuna mini cewa a hotuna 24 da ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, cire 6 kawai ya isa ya mai da maganar banza abin dariya. Na yi maka gardama, ka bar ni na gani da idona.

Masu fitila, mai kwalliya, direbanmu, da bayin Allah da suka ba mu aron gidansu muka hana su sakat har kwana 16, Allah ya biya ku.

Hajiya mahaifiyar yarinya, na gode da amanar da kika ba mu da zaman da kika riƙa yi a bayan kamara kullum. Jiya 'yarki ta tsare ni a bakin ƙofa, sabon haƙori har ya fito, ta ce in dawo mata da tsohon. Yana nan cikin aljihun jakar kamara da takardarsa, gobe in Allah ya kai mu zan kawo da kaina.