Bangon yamma da na cika da kankare

A duk ginin nan, bangon yamma na ɗakin kwana ne ya fi ci mini rai, kuma ni na sa aka yi shi haka. Bulo ne inci 9 mai rami. Na ce a cika ramukan da kankare, a yi filasta ciki da waje, aka kuma shafa masa fenti ruwan toka mai duhu don kada ya riƙa nuna dauɗa. Lissafina a lokacin shi ne bango mai kauri da nauyi yana hana zafi shiga. Ashe jinkirta shi kawai yake yi, kuma lokacin da ya zaɓa ya sako shi shi ne lokacin barci.

Da rana ɗakin lafiya lau. Daga ƙarfe tara na dare kuwa, in ka ɗora tafin hannu a bangon ta ciki, ɗumi za ka ji kamar jikin mai zazzaɓi, kuma ba ya hucewa sai wajen asuba. Fanka ba ta maganin wannan, domin iska kaɗai take juyawa, shi kuwa bangon yana watso zafinsa kai tsaye kan jikin wanda ke kwance kusa da shi, kamar yadda garwashi ke yi.

Da na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun kafin a zuba kankaren, sai abin ya fito fili. Mita ɗaya mai faɗi da tsawo ta bango cikakke mai kaurin santimita 23 tana da nauyin kilo 500 da ɗoriya. Kowane kilo na kankare yana shan kusan jul 900 (jul ma'aunin yawan zafi ne) kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Idan bangon ya hau da digiri 10 a yini, kowace mita ta adana abin da ya haura yunit ɗaya na lantarki. Bangona yana da irin wannan mita guda 12, wato kusan yunit 16, kamar a bar dutsen guga mai wat 1,000 a kunne awa 16. Wani kaso yana komawa waje, sauran ya shigo ciki. Zafi kuma yana ratsa irin wannan bango a hankali, kusan awa ɗaya ga kowane santimita 3 zuwa 4. Rana tana dukan bangon yamma sosai tsakanin ƙarfe uku da biyar. Ƙara awa shida a kai, ka ga inda aka kwana.

Ramukan da na toshe su ne ɗan abin da ke rage gudun zafin. Iskar da ke tsaye a rami ba ta ɗaukar zafi da sauri, kankare kuwa ya ninka jan bulo kusan sau biyu wajen wuce da shi, ya ninka katako fiye da sau goma. Na biya kuɗin siminti da tsakuwa na cire kariya, na kuma ninka ma'ajiyar zafin.

Akwai abin da ban sa a lissafi ba sam, wato birnin da gidan yake ciki. Bango mai nauyi yana aiki da kyau a inda dare ke yin sanyi sosai: ya sha zafi da rana, ya zubar da shi cikin dare, safiya ta same shi a huce. Yana zubarwa ne ta hanya biyu, iska mai sanyi ta share shi, sannan ya watsa zafinsa zuwa sararin sama. A lungu mai matsi duka biyun sun raunana. Bangona ba sama yake kallo ba, bangon maƙwabci yake kallo a tazarar ƴan mitoci, shi ma a cike yake da zafi, sai su yi ta miƙa wa juna. Kwalta da daɓen siminti na ƙasa su ma suna sakin nasu. Tun 1818 Luke Howard, wani masanin yanayi ɗan Ingila, ya nuna da ma'auni cewa daren Landan ya fi na karkarar da ke kewaye da ita ɗumi. Irin wannan bambancin ya fi fitowa a daren da babu iska babu gajimare. Bangon da bai gama hucewa ba yakan fara washegari da ragowar jiya, shi ya sa ɗakin ya fi muni a kwana na uku ko na huɗu na zafi a jere.

Gyaran farko shi ne farin fenti, kuma shi ya fi arha. Fenti mai duhu yana shanye kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na hasken rana, fari sabo kuwa kashi 20 zuwa 30. Kada a ji tsoron cewa fari zai hana bango hucewa da dare; wajen sakin zafi, fari da baƙi kusan ɗaya suke. Sai dai ƙura tana rage aikinsa, dole a riƙa wankewa, kuma a matsattsen lungu hasken da ka mayar kan bangon maƙwabci yake sauka.

Na biyu, inuwa. Na kafa allon kariya a gaban bangon da tazarar santimita 10, buɗe sama da ƙasa don iska mai zafi ta hau ta fice. In aka toshe saman, an yi tanda. Wanda zai sa takardar alminiyam mai ƙyalli don ta mayar da zafi ya tabbata ta fuskanci iska. In ta manne da bango ko filasta, amfaninta ya tafi. Ma'aunin zafi na hannu mai auna daga nesa kuma ƙarya yake yi a kan ƙarfe mai ƙyalli, sai an liƙa ɗan baƙin salatif a auna a kansa.

Na kusa sake wani kuskuren, wato manna farin soson nan mai hana zafi, irin wanda ake samu a kwalin sabon kayan lantarki, ta ciki. Ta ciki yana da amfani ga ɗakin da ake kunna na'urar sanyaya na ƴan awoyi, don ɗakin zai yi saurin sanyi. Ga wanda ya dogara da iskar taga, waje ne mazauninsa: kaurin santimita 5, a ɗaure da ƙusoshin roba, a sa raga, a yi filasta siririya a kai. Ta haka nauyin nan da ya zame mini masifa yana zama a ɓangaren inuwa, yana shan zafin ɗakin da rana. A rufe bakin soson ta sama da kyau, ruwa in ya shiga bayansa ba ya fita.

Tagogi kuma ba a buɗe su don rana ta faɗi kawai. Ina auna iskar waje da jikin bangon ciki, in waje ya fi sanyi sannan in buɗe, ɗaya a ƙasa ɗaya can sama a ɗaya ɓangaren. A tsakiyar birni hakan kan kai bayan sha ɗaya na dare. Da safe kafin rana ta ɗaga a rufe.

Watsa wa bango ruwa da yamma yana ɗan hucar da fuskarsa, amma zafin ya riga ya yi nisa a ciki, abin da za a samu shi ne danshi da farin gishiri da ɓarewar fenti. Kankaren da ke cikin ramukan kuwa yana nan, ba a iya cire shi sai an rushe bangon.