Talata: hoton hanyar numfashin wata dattijuwa mai maƙoƙo

Aikin da ya cinye mini yawancin yinin yau shi ne na wata dattijuwa da aka turo daga sashen tiyata, wadda maƙoƙo ya yi shekaru a wuyanta har ya fara hana ta kwanciya rigingine. Ba don a tabbatar da maƙoƙon aka turo ta ba, domin ko daga ƙofa mutum ya hango ta ya san da shi. Abin da likitan tiyata da likitan da zai sa ta barci suke son sani shi ne yadda kumburin ya danne bututun iska, da kuma ko ya gangara bayan ƙashin ƙirji, inda hannu ba ya taɓowa.

Kwantar da ita a gadon na'urar CT, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki da hasken X-ray, ya fi ɗaukar hoton wahala, don da zarar bayanta ya taɓa gado sai numfashinta ya fara ƙara. Na ce mata, "Mama, ki yi haƙuri, ba zai daɗe ba. Idan na yi magana ki ja numfashi ki riƙe, kada ki haɗiye yawu." Muka gwada a zaune har ta gane, sannan ta kwanta. Wannan gwaji ba ɓata lokaci ba ne, saboda haɗiyar yawu ɗaya tana ɗaga maƙogwaro ta sauya siffar hanyar iska, sai hoto ya nuna ƙunci a wurin da babu shi. Ba mu yi mata allurar ruwan da ke fito da jijiyoyin jini ba. Ruwan yana ɗauke da sinadarin aidin, wanda kan iya tayar da maƙoƙo ya yi aiki fiye da kima, kuma iska ba ta buƙatarsa, domin da kanta take fitowa baƙa ƙirin a tsakiyar nama. Cikin 'yan daƙiƙoƙi aka gama, ta tashi tana hamdala.

Daga nan ne aikina na gaban kwamfuta ya fara. Na'urar tana ba da hoton wuya yanka-yanka, kaurin kowane yanka bai wuce milimita ɗaya ba, kuma kowane ɗigo a cikinsa yana da lamba gwargwadon yadda ya tare hasken. Ma'aunin waɗannan lambobi yana ɗauke da sunan Godfrey Hounsfield, injiniyan Ingila da aka fara gwada na'urarsa a kan majinyaciya a Landan a 1971, wanda ya raba kyautar Nobel da Allan Cormack a 1979. A ma'aunin nan ruwa sifiri ne, iska kuma 1000 ce ƙasa da sifiri, ƙashi yana can sama da ɗaruruwa. Wannan tazara mai faɗi ita ce ke sauƙaƙa aikin: sai na umarci manhajar ta tattaro ɗigogin da lambarsu ta yi kusa da ta iska, daga bayan hanci zuwa inda bututun ya rabu biyu, ta jera su bisa juna, sai ga siffar hanyar numfashi tsaye a allo, ana juya ta ta kowace fuska.

A ƙasan maƙogwaro bututun ya karkace zuwa dama, ya lotse kamar tiyon ruwa da aka taka, kuma lallai maƙoƙon ya leƙa bayan ƙashin ƙirji. Ɗanta, wanda tun safe yake jan ƙafa kan batun tiyata, ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Malam, ta nan ne duk numfashinta yake bi?" Bayanin da aka yi ta yi masa da baki bai shige shi kamar yadda wannan hoto ya shige shi ba.

Duk da haka, ni ba na yarda a yanke hukunci da kyawun siffar kaɗai. Idan na ɗan matsar da iyakar lambar da na zaɓa, bututun zai ƙara faɗi ko ya tsuke alhali wuyan majinyaciya bai sauya ba. Shi ya sa na koma kan yanka-yankan na asali, na daidaita su su gitta bututun daidai inda ya karkace, na auna wurin da ya fi ƙunci, na ga bai kai rabin faɗin sashen da ke ƙasa da shi ba. Wannan awon ne likitan barci zai duba ya zaɓi girman robar numfashin da zai zura. Akwai kuma abin da hoton ba ya faɗa: a farke aka ɗauke shi, tsokokin wuya suna riƙe da hanyar, alhali maganin barci sake su yake yi. Dalilin ke nan ma da ya sa masu minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci ba a tabbatar da cutarsu da CT, sai da gwajin barci na dare.

Da la'asar likitan barci ya sauko da kansa, ya sa na juya masa siffar, ya karanta awon, ya ce zai zura robar da taimakon siririyar kyamara tun tana farke, bayan an kashe mata zafin maƙogwaro, sannan a ba ta maganin barci. An sa ta a jerin masu tiyata na mako mai zuwa, kuma ɗan ya sa hannu a takarda kafin su tafi.