Rumfar da Muka Kafa a Arewacin Tanut

Daga Damagaram zuwa Tanut kilomita wajen 140 ne a kan hanyar Agadas. Kawuna dillalin dabbobi ne, ni kuma na raka shi in riƙe masa lissafi, don za mu yi 'yan kwanaki a bakin wata rijiya arewa da Tanut, inda makiyaya ke kawo raƙuma da tumaki shan ruwa. Watan Afrilu ne, tsakiyar bazara. Kafin mu tashi mun shiga Kasuwar Dole ya sayi zana, tabarmin kaba, igiya da farin tamfol. Mai kayan ya so ya tura masa shuɗi, wai ya fi ƙwari. Kawu ya ce fari yake so, shi ke mayar da rana.

Bayan asuba muka fita ta Zango. Gonaki duk ƙura, sai gawo kaɗai ya yi kore shar, don shi itace ne mai saɓa wa jama'a: da damina yake zubar da ganye, da rani ya tofo. Muna wuce Tanut gawo ya fara ƙaranci, sai aduwa nan da can, da karangiya mai kama wando. A bakin rijiyar kuwa babu inuwar da za ta ɗauki mutum uku.

Direbanmu ya zo da tantin leda irin na 'yan yawon buɗe ido, mai zif. Ya kafa shi cikin minti goma yana yi mana dariya. Kafin azahar ya fito jiƙe sharkaf, ya ce ciki ya zama tanda. Ba mamaki, rana na dukan ledar, ledar na dafa iskar ciki, kuma iskar ba ta da mafita.

Tamu rumfar wani dattijo Buzu, abokin cinikin Kawu, shi ya tsara ta. Ya fara da duba inda iska ke fitowa, ya ɗebi yashi ya sake. Daga arewa maso gabas take, kamar yadda ta saba da rani. Ya sa muka kafa dirkoki, muka ɗaura zana a gabas da yamma, nan ne rana ke shigowa a kwance da hantsi da la'asar. Arewa da kudu ya bar su a buɗe. Zanar ma bai bari ta taɓa ƙasa ba, ya ɗaga ta kamar taƙi guda.

Rufin ne ya fi ba ni sha'awa. Tabarmi a ƙasa, tamfol a sama, tsakaninsu rata ta kamu ɗaya. Na ce, "Baba, me ya sa ba za mu haɗa su ba, ai inuwar ta fi kauri?" Ya ce, "Yaro, sa hannunka a sama da rana tsaka, sannan ka tambaye ni." Na sa. Tamfol ba ya taɓuwa, tabarmar kuwa ɗumi kawai. Na saman shi ke shan rana, iskar da ke ratsa tsakani ta kwashe zafin kafin ya sauko kanmu. Ya kuma ɗaga gefe ɗaya na rufin ya fi ɗayan tsawo, saboda iska mai zafi sama take yi, in ta samu gangare sai ta bi shi ta fice, wata ta shigo ta ƙasan zana.

Ƙasar ma sai da muka share yashin sama kafin mu shimfiɗa, na ƙarƙashi ya fi sanyi nesa ba kusa ba.

Direba ya kawo shawarar a jiƙa bargo a rataya ta inda iska ke shigowa. Dabara ce mai aiki, don iskar nan busasshiya ce, tana shan ruwan bargon ta yi sanyi. Dattijon dai ya ƙi. Rijiyar mai zurfi ce, da raƙumi ake jan guga, kuma garke na jira. Ruwan da ya yarda a kashe shi ne na jiƙa buhun da aka naɗe bidon ruwan sha, aka rataye shi a bakin rumfa kusa da salkarsa. A ganina shi ke da gaskiya: gara sanyin ya shiga ciki da ya tsaya a fata. Kada wani ya ɗauka rumfar ta zama ɗakin likita mai na'ura. Zafi na nan, ana dai iya kishingiɗa, a sha shayi, a yi ciniki ba tare da kai ya sara ba.

Da dare mukan ja tabarmi waje, bayan an haska tocila saboda kunama, don fili ya fi saurin hucewa. Ranar da iska ta taso da ƙura kuwa, zana ɗaya muka mayar arewa, kudu ta zauna a buɗe.

Ana gobe za mu tashi matar dattijon ta zo kawo nono. A wurinsu mata ke saƙa tabarmin ɗaki, su ke kafa shi, kuma ɗakin nasu ne. Ta zaga rumfar, ta girgiza dirka ɗaya, ta yi wa mijin magana da Buzanci. Kawu ya fassara mini: wai ratar ta yi, amma ɗaurin na maza ne.