Fumfunar da ta kusa raba mu da Yaya

Duk tsoronmu a kan sankarar jinin da Yaya ke fama da ita yake. Ba wanda ya kawo fumfuna a ransa, irin wadda ke fitowa a jikin burodi ko masarar da ta sha danshi.

Yayana hatsi yake sayarwa a Dawanau. Kwana uku bayan zagaye na biyu na kemo, wato maganin sankarar, ya ce zai leƙa shago. Hajiya ta hana, bai ji ba. Ya tarar ana sauke buhunan masara, ga hazon hunturu. Ya dawo girarsa fari fat da ƙura.

Bayan mako guda zazzaɓi ya rufe shi. Aka ba shi gado, kwana huɗu ana ɗura masa antibayotik, zazzaɓin ko gezau. In ya ja numfashi ƙirji ya soke shi. Da asubar rana ta biyar ina riƙe masa roba ya yi tari, na ga ɗigon jini a cikin majinar. Jikina ya yi sanyi.

Sai da aka yi hoton CT na ƙirji likitar ta zaunar da ni. Sunan abin Aspergillus. Kullum muna shaƙar ƙwayoyinta a ƙura, fararen ƙwayoyin jininmu suna cinye su ba mu sani ba. Kemo kuwa yana karya waɗannan ƙwayoyin, sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an yi shi, sai fumfunar ta samu huhu ba mai gadi, ta yi saiwa har cikin jijiyar jini. Antibayotik ba ya taɓa ta. Fluconazole, maganin fumfunar da muke saya a kemis ma, ba ya yi mata komai. Ni da na ɗauka cutar fumfuna iyakarta makero da kyasfi! Ashe tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Aspergillus cikin huɗu mafi haɗari a jerin fumfuna guda 19.

Aka sa masa voriconazole, mai ɗan karen tsada, sai da muka sayar da awarwaron Hajiya. Daren farko ya kira ni a firgice: "Auta, wa ya kunna fitila? Komai walƙiya yake min." Nas ta ce aikin maganin ne, zai wuce.

Yanzu yana gida da takunkumi. Ba a shara yana tsakar gida, garin maganin da dangi suka kawo kuma Hajiya ta kulle a kwaba, don busasshen ganye ma yana ɗaukar fumfuna. Jibi za a sake auna jininsa kafin a sa ranar zagaye na uku. Ku sa shi a addu'a.