Makarantarmu ta murya a Markham, da Basinen da ya koya mini numfashi

Ranar Asabar da ta wuce wata mata ta shigo mana riƙe da hannun 'yarta mai shekara goma sha huɗu. Ko zama ba ta yi ba ta ce so take a buɗe wa yarinyar murya kafin bikin sabuwar shekarar Sinawa, saura mako shida. Na ce mata mu ba ma buɗe murya a mako shida. Sai ta zaro waya ta nuna mini wani mai talla a intanet, wai darasi goma, rabin kuɗinmu, kuma ya yi alƙawarin yaro zai taɓo ƙololuwar sauti. Na ce Allah ya ba da sa'a. Irin waɗannan yaran ne ake dawo mana da su bayan wata huɗu murya ta dishe, likitan maƙogwaro ya ce jijiyoyin muryar sun yi kanta, sai an yi makonni ba a rera komai ba.

Makarantar tamu ba wata babba ba ce: ɗaki biyu, fiyano biyu, a Markham da ke arewacin Toronto a Kanada, inda Sinawa suka fi yawa. Mu biyu ne da ita, ni da malamina. Ni a Kaduna na tashi, cikin mawaƙan cocinmu. Shi kuwa Basine ne, mawaƙin opera (wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa) mai muryar bariton, wato muryar maza ta tsakiya, kuma shi ke jagorantar ƙungiyar mawaƙanmu. A gabansa Laoshi nake ce masa, wato malam, kuma ko da muka zama abokan kasuwanci bakina bai taɓa iya kiran sunansa ba.

Malam ya yi ƙuruciya a zamanin juyin juya halin al'adu na ƙasar Sin, daga 1966 zuwa 1976, lokacin da sauraron kiɗan Turai kan iya jawo wa mutum bala'i. Kamar miliyoyin samarin birni, an tura shi karkara, ya yi ta dashen shinkafa ƙafa cikin taɓo. Da aka lura muryarsa na ƙetare gona, sai aka sa shi cikin 'yan waƙar wayar da kai na yankin. A 1977 aka dawo da jarrabawar shiga manyan makarantu, shi kuma ya yi ta naci har ya sami gurbi a makarantar koyon kiɗa ta Shanghai, wadda aka kafa tun 1927. A can ya tarar da zamanin Zhou Xiaoyan, matar da ta yi karatun waƙa a Faris ta koma gida a 1947, ta yi ta yaye mawaƙa har rasuwarta a 2016. Ba ita ta koyar da shi kai tsaye ba, almajiranta ne, amma har yau in ya ambace ta sai ya ɗan gyara zama.

Sinawa sun kasa waƙa gida uku: ta gargajiya da suke kira minzu, ta zamani tongsu, sai meisheng, wato kyakkyawar murya, salon Italiyawa da ake cika zaure da shi ba tare da makirufo ba. Wannan na ukun shi ne sana'armu.

Da ya zo Kanada ya zaci dandalin opera na jiransa. Ina! Wanke-wanke ya yi a gidan abinci, da daddare ya tsaya a sahun baya na 'yan amshi, ranar Lahadi ya rera a coci a ba shi ɗan abin da ya samu. Ba ya son wannan hira, sai ya ce ai ya wuce. Wasu dattawan Sinawa da ke haɗuwa a ɗakin ƙasa na wata coci su ne suka roƙe shi ya riƙa kaɗa musu hannu, daga nan ƙungiyar ta samo asali.

Ranar da na fara zuwa wurinsa cike nake da kaina, don a gida ni ake ba wa baitin da ya gagari kowa. Na buɗe baki na saki murya har tagar ɗakin ta amsa. Ya bari na gama, ya ce, "Kwanta a ƙasa." Na dube shi. Ya ɗauko wani ƙaton littafi ya ɗora mini a ciki, ya ce in ja numfashi littafin ya tashi, kafaɗa kuma kada ta motsa. Na kasa. Sai ya kama hannuwana biyu ya dafa su a haƙarƙarinsa ta baya, ya ja iska. Na ji bayan mutumin nan ya buɗe kamar zugazugin maƙeri. Ya riƙe sauti guda, siriri, bai karkace ba, ina ta jiran ya yanke har ni na gaji da jira, haƙarƙarin kuma bai rufe ba. Wata uku bai bar ni na rera waƙa ko ɗaya ba, sai wasula biyar, a, e, i, o, u, hawa da sauka. Abu ɗaya ya yaba: wai wasulan Hausa tsaf suke fita kamar na Italiyanci, ba sa lanƙwashewa a ƙarshe irin na masu Turanci.

Wurin da ake shan wuya shi ne mahaɗar muryar ƙirji da ta kai, inda sauti ke son tsinkewa. 'Yan darasi goma nan suke cewa yaro ya danna da ƙarfi. Mu kuwa rabin mataki muke hawa, mu ɗan rufe wasalin, mu dawo, gobe a sake. Wani ɗalibin shekara biyu yake yi kafin gadar ta ɗinke. In ta ɗinke kuwa, ta zauna ke nan har tsufa.

Wani aikin da nake alfahari da shi, ba wanda ke gani. Yawancin dattawan ƙungiyarmu ba sa karanta rubutun kiɗa na layi biyar, sun saba da jianpu, na lambobi: 1 shi ne do, 2 re, har zuwa 7, ɗigo a sama ya hau, ɗigo a ƙasa ya sauka, 0 kuma a yi shiru. Da na gani sai na yi dariya, ai d, r, m ɗin da muka taso da shi a coci ne aka sa wa lamba. Tun daga nan ni ke juya kowace waƙa zuwa lambobi, murya huɗu, in bi ta a fiyano gida-gida kafin a buga. Akwai masu kwaso nasu kyauta a intanet, ɗigo ɗaya ya ɓata, sai ka ji rukunin maza ya faɗa rami.

Harshe ma haka. Malam ya sha mamaki da na nuna masa kukan yaro da kukar miya, rubutu ɗaya, karin sauti ya raba su. Ya ce to ai kunnenka a shirye yake. A harsunan Sinawa, Mandarin karin sauti huɗu gare shi, Kantonis shida, kuma muna da masu harsunan biyu: mutanen Hong Kong da suka yi ta zuwa gabanin 1997, shekarar da aka mayar da Hong Kong hannun Sin, da na babban yankin ƙasar Sin da suka biyo baya. A waƙar Mandarin kari kan sakar wa kiɗa hanya, amma a ta Kantonis dole kiɗan ya bi hawa da saukar kalma, in ba haka ba ka faɗi abin da ba ka yi niyya ba. Na taɓa yin irin wannan a gwaji, tsofaffin mata suka yi ta dariya har da share hawaye, kuma har yau sun ƙi gaya mini abin da na ce.

Babban aikinmu shi ne Waƙar Rawayen Kogi, wadda Xian Xinghai ya tsara a garin Yan'an na ƙasar Sin a 1939, ana tsakiyar yaƙi da Japan. Kashi takwas ce. A na bakwai rukunai ke bin juna a guje, wannan ya shiga, wancan ya biyo shi, in mai kaɗa hannu ya yi sakaci sai su haɗe su dagule. Malam ba ya yawan wurgi da hannu. Numfashi yake ja a gabansu, mutum arba'in su ja tare da shi, shigar ke nan. Kashi na biyu kuwa na bariton ne shi kaɗai. Nan yake ajiye sanda, ya juyo ya fuskanci jama'a, furfura fal kansa, ba makirufo. Na taɓa komawa kujerar ƙarshe don in ji da kunnena, kowane baƙi ya iso ni daram. Wani tsoho kusa da ni ya cire tabarau ya riƙe a hannu har aka gama.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an kunna kiɗan na'ura, an ƙara wa makirufo amsa-kuwwa, an kira abin meisheng, sannan iyaye su zo suna taya darasinmu kamar tumatir. Wasu takardar jarrabawar Royal Conservatory, makarantar kiɗa ta Toronto, kawai suke so, a tsallake mataki. Muna shirya yara wa jarrabawar, suna kuma ci, amma matakin da murya ta kai shi muke rubuta yaro.

Matar nan dai ba ta tafi nan take ba, don yarinyar ta maƙale a ƙofar ɗakin gwaji tana saurare. Malam ya yafuto ta, ya danna sauti ɗaya a fiyano, ta kama shi daidai. Ya sauka ƙasa, ta bi shi, muryar ta yi kauri ta yi daɗi. Ya ce wa uwar wannan alto ce, muryar mata ta ƙasa, a daina tura ta sama. Uwar ta ɓata fuska, ita soprano take so, muryar mata ta sama. Ta ce za ta yi shawara da maigidan.

Gwajin sababbin ɗalibai ranar Asabar ne da safe, ba ma karɓar ko sisi a kansa. A zo da tufafi masu sakewa, don za a kwanta a ƙasa, littafin nan yana nan.